Nyanya, Allah Ya Ƙara wa Lasifika Ƙarfi

Sannunku da aiki, gwanayen Nyanya. Duk wanda ya taɓa kwana tsakanin gangaren Kugbo da iyakar Mararaba ya san ba a yi muku adalci ba. Kullum ana raba lambobin yabo a manyan otal-otal na cikin gari, ana kiran masu kuɗi da masu mulki, amma har yau ba wanda ya tuna da mutanen da suka ɗauki alkawarin cewa kunnen ɗan Adam ba zai huta ba a garin nan, dare da rana, rani da damina, suka kuma cika alkawarin. Mai janareta, da direban da hannunsa ya manne da hon, da mai maganin basir da lasifikarsa a kan rufin mota, da mai kiɗan biki, da masu wa'azin da suka saita bakin amsa-kuwwa daidai tagogin jama'a, yau ranarku ce. Da ma'auni zan yabe ku, don yabon da ba lissafi a cikinsa ya yi wa aiki irin naku kaɗan.

Kun kuma iya zaɓen wuri. Nyanya ta soma ne a matsayin sansanin leburorin da suka gina Abuja, bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar ƙaura daga Legas a 1976. Hannayen da suka shimfiɗa titunan Asokoro da Maitama, inda yau za ka ji kukan tsuntsu da rana tsaka, a nan aka ajiye masu su. Magadansu ma a nan suke kwana: masinja, mai gadi, direban oga, malamar asibiti, ƙaramin ma'aikacin sakatariya, tare da 'yan'uwansu na Karu da Jikwoyi da Mararaba da Masaka. Tun kafin asuba suke tuɗaɗowa kan titin Keffi zuwa Abuja, da yamma su sake cunkushewa a kansa zuwa gida. Mutanen da suka fi kowa buƙatar barci a Babban Birnin Tarayya, su kuka zaɓa kuka hana runtsawa. Wannan sai gwani.

Ma'aunin da za a auna hidimarku da shi sunansa desibel. Injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka ne suka fito da shi a shekarun 1920, suka raɗa masa sunan Alexander Graham Bell. Sauti girgizar iska ce. Abu ya motsa, ya matsa iskar da ke gefensa, ita ma ta matsa ta gabanta, a haka har girgizar ta iso dodon kunne, tana gudun mita 340 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin sauti kuwa shi ne yawan kuzarin da wannan girgiza ke ratsawa da shi ta murabba'in mita guda, kuma da wat ake lissafa shi, wat ɗin nan da ke rubuce a jikin ƙwan lantarki. Mafi ƙanƙantar sautin da lafiyayyen kunnen matashi ke iya kamawa, kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na wat. Shi aka sa wa desibel 0. Sautin da ke sa kunne zafi, wajen desibel 120, wat ɗaya ne cur a kan murabba'in mita. Tsakanin ƙasa da sama ninki tiriliyan ke nan, sifili goma sha biyu a jere. Da masana suka ga rubuta irin waɗannan lambobi wahala ne, sai suka koma ƙirga sifilin kawai. A raba ƙarfin da aka auna da wancan mafi ƙanƙanta, a ga sifili nawa amsar ta ɗauko, wato logaridim ɗinta, a ninka da goma. Abin da ya fito shi ne desibel.

A mayar da shi kuɗi, kowa zai gane. In desibel 0 naira ɗaya ce, desibel 10 naira goma ce, 20 naira ɗari. Raɗa a kunne, wajen 30, naira dubu. Hira ta mutunci tsakanin mutum biyu, wajen 60, miliyan ɗaya. Babur ɗin da aka cire wa salansa, wanda ke haura 90, ya wuce biliyan. Jiniya a kusa, wajen 120, tiriliyan ce. Saboda haka wanda ya ce tsakanin 60 da 90 ai talatin ce kawai, bai san ninki dubu yake magana a kai ba. Mu a Nyanya, da ikon Allah da taimakonku, attajirai ne. A biliyoyi muke wuni, a miliyoyi muke kwana.

Fara da mai janareta, don shi ne farfesan unguwa. Bai shiga ajin kimiyya ba, amma ya san dokar da ake wahalar da ɗalibai da ita a jami'a. Sauti in ya bar inda aka yi shi, bazuwa yake yi ta kowace fuska, kuma faɗin da yake rufewa yana ƙaruwa da murabba'in nisa. Ka ninka nisa sau biyu, kuzarin ya rabu a faɗi ninki huɗu, abin da zai iso kunnenka ya koma rubu'i, wato desibel 6 sun sauka. Farfesanmu ya haddace wannan tsaf. Dubi inda yake ajiye injinsa. Wayar da ya saya doguwa ce, ya zagaya da ita bayan ɗakinsa, ya wuce makewayi, ya dire injin a ƙarƙashin tagar maƙwabci, bututun hayaƙin yana kallon labulen mutane. Tsakaninsa da injin mita takwas, tsakanin injin da gadon jaririn maƙwabci mita ɗaya. Lissafin ya nuna abin da ke isa wurin jaririn ya ninka na mai injin sau 64. Shi ga fanka, ga talabijin, ga saura kaɗan na ƙara da bango ya tare masa. Su ga zafi, ga hayaƙi, ga ƙarar gaba ɗayanta, kyauta, ko sisin mai ba a nemi su biya ba. Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan? Ba banza aka yi wa ɗan ƙaramin injin nan laƙabi da “na fi maƙwabcina” ba.

A ce injin yana ba da desibel 85 a nisan mita ɗaya, abin da ba baƙo ba ne ga injin da ya tsufa, salansarsa ta huje. A mita biyu 79, a huɗu 73, a takwas 67, a goma sha shida 61. Kafin ƙararsa ta sauko zuwa 35, iyakar da doka ta sa wa unguwar zama da dare, a fili, inda ba abin da ya tare ta, sai mutum ya yi tafiyar mita ɗari uku da wani abu. A gidan haya mai ɗaki goma suna kallon juna, wa ke da mita ɗari uku? Bango yana ragewa, gaskiya ne, amma bangon da tagarsa ke buɗe saboda zafin watan Maris bangon suna ne kawai. A rufe tagar a dafu, a buɗe a kurmance.

Ni ba na zargin mai aski da mai cajin waya da matar da ke sayar da ƙanƙara don sun tayar da inji. Abincinsu ke nan, kuma ba su suka ɗauke wuta ba. Babbar jinjina a wannan fanni ta waɗanda suka shekara da shekaru suna riƙe da amanar lantarkin ƙasar nan ce, har suka mayar da kowane gida tashar wuta mai zaman kanta. Su a unguwanninsu injin babba ne, a cikin akwati mai toshe ƙara, can ƙarshen fili. Allah Ya saka musu daidai da aikinsu.

Akwai kuma wata ni'ima da lissafin desibel ya yi wa masu inji, wadda ya kamata su riƙa godiya a kanta. Desibel ba a tara shi yadda ake tara buhuna. Inji biyu masu 80 kowanne, in an tayar da su tare, 83 suke bayarwa, ba 160 ba, domin ninka kuzari sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Goma irinsu su ba da 90. To, juya lissafin. A layin da inji goma ke kuka, mutum ɗaya ya ji tsoron Allah ya kashe nasa. Abin da ya ragu bai kai rabin desibel ba, kunne ko lura ba zai yi ba. Sai biyar sun kashe kafin a samu ragin desibel 3. Shi ya sa duk wanda ka tunkara zai dube ka ido cikin ido ya ce, “Malam, ko na kashe nawa ba abin da zai canza.” Kuma gaskiya ya faɗa, lissafi na bayansa. Mutum goma, kowanne ba shi da laifi, sun haɗu sun hana layi guda barci. Wace irin baiwa ce ta fi wannan, ka yi ɓarna kuma ilimi ya wanke ka?

Sai masu lasifika, zakarun gasa. A nan ne kunne ya yi musu rowa, su kuma suka nuna masa su ba a yi musu rowa. Kunne ba ya jin ƙarfi yadda na'ura ke auna shi. Kafin mutum ya ce sauti ya ninka sau biyu, sai an ƙara wajen desibel 10, wato an ninka kuzarin sau goma. Mai shagon waya da ke da na'urar kiɗa ta wat 100 ya ga na kusa da shi ya danne shi, ya tara kuɗi ya sayo ta wat 200. Desibel 3 ya ƙara, da ƙyar mai wucewa zai ji bambanci. In yana so a ji shi ninki biyu, wat 1,000 zai nema. Ninki huɗu, wat 10,000. Maƙwabcinsa ma haka yake yi. Alhali abin da ke sa a fahimci magana shi ne tazarar da ke tsakanin muryarka da hayaniyar da ke kewaye da kai. Ka ƙara goma, ya ƙara goma, tazarar tana nan inda take. An ƙona mai, an sayi sababbin sifiku, an tsage maƙogwaro, ba wanda aka ji fiye da jiya. Tun 1911 wani likitan kunne Bafaranshe, Étienne Lombard, ya lura cewa mutum na ɗaga murya ba da saninsa ba in hayaniya ta kewaye shi. Da ya zo kasuwar Laraba ta Nyanya, da ya ga yadda aka mayar da bincikensa sana'a.

Tsaya ƙarƙashin gada da misalin ƙarfe shida da rabi na safe ka ga jarumta. Kwandasta ya rataya a ƙofar bas, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a iska, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana dukan jikin motar da tafin hannu: “Eriya Wan! Baja! Wuse!” Muryar ta riga ta dushe tun shekaranjiya, amma dole ya haura ta kwandastoci biyar da ke kiran wuri ɗaya. A bayansa tifa ta danna hon irin na iska, wanda ke wuce desibel 100 ga na kusa. Motar gaba ba ta da inda za ta matsa, direban tifar ma yana gani, layin ya miƙe har inda ido ya ƙare. Duk da haka ya danna, na bayansa ya amsa, na bayan wancan ya karɓa. Tun da aka ƙera mota ba a taɓa jin hon ya buɗe cunkoso ba, amma direbobinmu mutane ne masu tawakkali, ba sa yanke ƙauna. Can kuma jiniyar wani babba ta taso tana kore talakawa daga hanya, shi yana ciki, gilashi a rufe, sanyi na kaɗa shi.

Masu ƙera hon da lasifikar ƙaho sun san inda kunne ya fi rauni. A 1933 wasu masu bincike biyu na kamfanin Bell, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne bai ɗauki dukan sautuka daidai ba. Daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa yake ji, amma ya fi kama siraran sautuka masu girgiza tsakanin 2,000 zuwa 5,000. Shi ya sa tsiwar lasifikar mai maganin gargajiya ke shiga har ƙwaƙwalwa, yana lissafo cututtukan da mutum ke jin nauyin ambata a gaban surukinsa, yara na tafiya makaranta suna haddacewa. Mai kiɗan biki shi kuma ta ƙasa ya biyo. Kaurin sautin nan da ke dukan ƙirji, mai girgiza 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa guda ya kusa mita bakwai. Bulo ba ya tare shi, kwano ba ya tare shi, kwana yake sha ya bi lungu. Ka rufe ƙofa, ka rufe taga, ka danne kai da matashi, gilashin tagarka na rawa. Da dare kuma Allah Ya ba shi mataimaki. Ƙasa ta huce, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai sautin da ke neman tashi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa. Bikin da ake yi a layi na biyar, kai da ba a gayyace ka ba, an kawo maka har gado.

Kiran salla na 'yan mintoci ne, ƙararrawar coci ma haka, kuma ba da su nake ba. Ina jinjina ne ga wanda mabiyansa ba su cika sahu uku ba, duk suna gabansa suna jinsa ko da ba na'ura, amma ya ɗaura ƙaho huɗu a saman gini, kowanne na kallon wata kusurwa ta unguwa, ya kwana yana wa'azi ko addu'ar dare. Masallaci ya yi, coci ta rama, majinyacin da ke tsakani ya samu lada biyu. Wannan himma ta wuce ta Saudiyya, inda a 2021 ma'aikatar harkokin addini ta ba da umarnin a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce sulusi. Ta wuce ta Legas, inda a 2016 hukumar kare muhalli ta jihar ta rufe coci 70 da masallaci 20 saboda ƙara. Can Accra ma masarautar Ga kan hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda kafin bikin Homowo. Waɗannan duk ba su kai mu son addini ba, ga alama. Haƙƙin maƙwabci da malamai da fastoci ke karantarwa, ta cikin wannan ƙahon ake karantar da shi, ƙarfe biyun dare.

Ga abin da ake biya. Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku, bayansu akwai wani nannaɗaɗɗen bututu mai ruwa, a cikinsa ƙwayoyin halitta masu gashi wajen 16,000. Su ke mayar da girgiza saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Da su aka haife ka, kuma ba a ƙara maka. Na tsuntsu da na kifi in sun mutu suna sake tsirowa, na mutum in sun tafi sun tafi ke nan. Su kuma waɗannan ƙwayoyi da kuzarin gaske ake dukansu, ba da yadda kai ka ji sautin ba. Ƙarin desibel 3 da ka ce ba ka ji wani bambanci ba, a wurinsu duka ne ninki biyu. Shi ya sa ƙa'idar lafiyar ma'aikata ta ce a desibel 85 awa takwas ne iyaka a rana, a 88 awa huɗu, a 91 awa biyu, a 94 awa ɗaya, a 100 minti goma sha biyar. Kwandastan nan, in wurin aikinsa ya kai 91, kafin ƙarfe tara na safe ya cinye rabonsa na yini, kuma sai bayan isha zai tashi. Yaran da ke rawa a bakin sifika ranar biki, don nan ne ya fi daɗi, in kiɗan ya kai 100 kuma aka yi awa takwas ana yi, sun sha rabon kwana 32 a dare ɗaya. Iyayensu na gefe suna liƙi.

A bakin kasuwa akwai mai markaɗe. Injin na gabanta, bel na kaɗawa, farantan ƙarfe na cizon juna, tana tura tattasai da muciya, tana miƙa hannu tana nuna wa mai saye farashi da yatsu don baki ba ya aiki a wurin. A bayanta goyo ne, kansa ya langaɓe, kunnensa bai fi kamu uku daga injin ba. Barci yake yi. Masu wucewa na cewa yaron ya saba, Allah Ya yi masa haƙuri. Kunne ba ya sabawa. Abin da muke kira sabo, sau da yawa ji ne ya fara raguwa.

Kuma ɓarnar a ɓoye take shigowa, ba jini, ba ciwo. Wajen girgiza 4,000 take fara ci, kusa da inda sautukan “s” da “f” da “sh” suke. Mutum yana jin ana magana, amma kalmomin sun cakuɗe masa, musamman a cikin taro. Sai yawan “Na'am?” da “Me kika ce?” Matarsa ta ce wulaƙanci ne, abokai su ce girman kai ya soma, shi kuma ya ƙara wa rediyo murya, ya shiga sahun gwanaye. Da dare in ya kwanta, wani siririn kuka na tashi a cikin kunnensa wanda ba mai kashe masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke da raunin ji a duniya, miliyan 430 daga ciki na buƙatar kulawa, kuma matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗari saboda yadda suke sauraron sauti. Namu matasan, da hayaniyar titi ta hana su jin waƙa, sai su cusa iyafis su ƙure murya don su danne titin. An bi su da ƙarar har cikin ramin kunne, da hannunsu.

Abin bai tsaya a kunne ba. Kunne ba shi da fatar rufewa irin ta ido, yana aiki ko kana barci, kuma duk ƙarar da ta shigo jiki na ɗaukarta a matsayin faɗakarwa: zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. A 2011 ofishin Turai na hukumar lafiyar ya ƙiyasta cewa ƙarar ababan hawa kaɗai na cinye aƙalla shekara miliyan ɗaya ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya a yammacin Turai duk shekara, a ƙasashen da ake duba salansar mota. Hukumar ta ce ɗakin kwana kada ya wuce desibel 30, aji kada ya wuce 35. A 1975 wata mai bincike, Arline Bronzaft, ta duba wata makarantar firamare a New York da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. Yaran aji shida da ke ɓangaren jirgin sun kasance a baya a karatu da kusan shekara guda in an gwada su da na ɗaya ɓangaren. Da aka sa roba a layin dogon, aka gyara silin azuzuwan, bambancin ya ɓace. Mu kuwa makaranta na bakin titi, mai walda na dama, mai kaset na hagu, yaro bai yi barcin kirki jiya ba, kuma in bai gane karatu ba sunansa daƙiƙi, har da bulala.

Garin nan ya ji ƙarar da ba a fatan kowa ya ji. Ranar 14 ga Afrilu, 2014, bam ya tashi a tashar motar Nyanya da sassafe, mutum fiye da 70 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ranar 1 ga Mayu wani ya sake tashi kusa da wurin. Akwai waɗanda suka tsira suna raye a cikinmu, kuma irin wannan fashewa na yaga dodon kunne, tana barin firgicin da ƙara kaɗan ke tayarwa. A wannan garin ne duk Disamba ake sayar wa yara nokawut suna jefawa a lungu, tsofaffi na zabura, mata na rungumar 'ya'yansu. Mai sayarwa ya san tarihin tashar nan sarai. Shi ko yabon gatse ba zan iya yi masa ba.

Saura hukuma, kuma ita ce ta cancanci kambun. Nijeriya na da doka. An kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin hana ƙara. Unguwar zama zalla, desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗu da shaguna, 55 da 45. Asibiti da makamantansa, 45 da 35. Dare kuma daga ƙarfe goma yake farawa zuwa shida na safe. Abuja ma na da tata hukumar kare muhalli. Doka ce mai kyau, mai kunya, mai tarbiyya. A duk faɗin Nyanya ita kaɗai ce ke kiyaye ƙa'idar 35, don ba mu jin ko tarinta. Ɗakin da ya kwana a 65, alhali doka ta ce 35, ninki dubu ya sha a kan abin da aka halatta. Da kuɗin haya aka ninka wa mutum sau dubu, da tuni an rufe titin Keffi.

Ba a buƙatar baƙo daga Turai ya zo ya auna mana. Wayar hannu na da manhajar da ke ba da ƙiyasi, kuma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu da kai ya ji ka, wurin ya kai 85 ko ya wuce. Maganin ma ba ɓoyayye ba ne. Salansa mai kyau, ɗan ɗakin bulo ga inji nesa da tagar kowa, bakin ƙaho ya juya ciki wurin waɗanda suka zo saurare, kiɗa ya tsaya ƙarfe goma. Tunda kuwa lissafi ya nuna mutum ɗaya in ya daina ba a ji, dole sai layi guda ya yarda tare, da mai unguwa da liman da fasto da shugaban 'yan tasha a zaune, hukuma na tsaye a bayansu.

Lissafin ya kuma faɗi inda za a fara. Haɗa mai desibel 90 da mai 80, jimlarsu 90 da ɗigo huɗu. Ka kama mai 80, ka ƙwace kayansa, ka ci shi tara, unguwa na nan a 90, ba wanda zai san an yi aiki. Ka kashe mai 90, nan take an sauko 80, kuzarin ya koma kashi ɗaya cikin goma, kunne ya ji an rage rabi. Mai 80 shi ne yaron da ke tura baro da 'yar sifikarsa yana tallan waƙoƙi. Mai 90 yana da katanga da get da mai gadi, wani yana da mabiya dubu, wani yana da lambar wayar babban mutum. Jami'anmu gwanaye ne wajen kamun mai baro, mun shaida, Allah Ya ƙara basira. Muna jiran ranar da ɗayansu zai tsallake baron ya ƙwanƙwasa get ɗin.